Yadda Za Ka Sayar da Turare Ɗaya da Suna Uku

Kai ɗan lekkol mai karatun kasuwanci, aje alƙalami ka matso. Mushe, malaminku, ya cika maka allo da batun raba masu saye gida-gida da zaɓen waɗanda za ka nufa da hajarka, kai kuwa sai hamma kake. To ga hanya mai sauƙi. Na yi maka alkawari, in ka bi ta, ko ruwan wanki ka ɗura a kwalba sai ya ƙare. Hanyar Mansur ce, ɗan Damagaram mai teburin turare a kasuwar Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya. Na gani da idona, na shaƙa da hancina.

Mataki na ɗaya: Fara da kayan da ba mai so

Wani direba daga Agadas ya kakaba wa Mansur jarka guda ta turare. Ƙamshi ɗaya ne tal, tsakanin lemo da kanumfari, mai shiga hanci ba sallama. Wata uku Mansur yana ihu, "Turaren kowa da kowa!" Ba wanda ya waiwayo.

Teburinsa kuwa a inuwar kantin Hajiya Laure yake, mai sayar da atamfa, wadda ta ba shi wurin don ta san mahaifiyarsa. Ran nan ta leƙo ta ce, "Mansur, in teburin nan ado ne, gaya mini in sa tukunyar fure a wurinsa."

Ka riƙe wannan: abin da aka ce na kowa ne, ba mai sonsa.

Mataki na biyu: Rufe baki, buɗe ido

Mansur ya daina ihu, ya yi sati yana kallon masu wucewa. Sai ya ga ashe kasuwa ba mutum ɗaya ba ce. Ga samarin unguwar Gataa El Oued masu aikin gini, siminti har cikin gira, kowa na fatan a ɗauke shi babban mutum. Ga matan 'yan kasuwa, waɗanda ba abin da ke ƙona musu rai kamar su ga nasu a jikin wata. Ga kuma dattawan da ke gangarowa daga ƙauyen Tazrouk na kan dutse da kayan lambu, ba sa son hayaniya, ba sa son a yi musu wayo.

Wannan shi ne rabon da mushe ke nufi. Ka duba inda mutum ya fito, da shekarunsa, da nauyin aljihunsa, da abin da zuciyarsa ke ƙaiƙayi a kai.

Mataki na uku: Bar waɗanda suka fi ka sani

Ba kowace ƙarya ake ƙullawa da kowa ba. Wata Balarabiya ta taɓa shinshina murfin jarkar ta ce wani abu da Larabci. Mansur bai nemi fassara ba. Tun daga ranar, in ya hango mai hancin sani, sai ya duƙa yana gyaran takalmi.

Mataki na huɗu: Kowane gida da kwalbarsa

Ya samo kwalabe iri uku. Baƙa mai kafaɗa ya sa mata suna Shef, wato shugaba. Da Sufyanu, wani magini, ya zo wucewa, Mansur ya ce, "Abokina, shafa wannan ka shiga wurin aiki. Mai gini da kansa zai tambaye ka inda za a sa ƙofa."

Fara mai dogon wuya, ta dattawa, ita ce Sanyin Juma'a. Baba Idrisa, wani Buzu mai lambu da awaki a Tazrouk, ya shinshina sau ɗaya ya ce, "Ba ni huɗu." Mansur bai tambayi dalili ba. Kai ma kada ka tambaya, wai.

Ta ukun, 'yar ƙarama mai murfin ruwan zinariya, ita ce Sirrin Dubai. Ya shiga da ita kantin Hajiya Laure a ɓoye, ya rage murya: "Hajiya, biyu kaɗai suka shigo ƙasar nan. Ɗaya tana wajen matar wani babba a Alje, babban birni." Ya faɗa wa mata goma sha ɗaya haka, kowace ita kaɗai.

Mataki na biyar: Kada gidajen su haɗu

Dattawa da sassafe, mata da hantsi, magina bayan la'asar. Wata biyu abin yana tafiya kamar an shafa mai. Mansur ya yi sabuwar shadda, har ya fara ce wa maƙwabtansa kasuwa ilimi ce.

Abin da ya manta shi ne jajibirin Sallah, ranar da kowa ke cika kasuwa lokaci ɗaya.

Mataki na shida: In sun haɗu, kada ka gudu, ƙofar ɗaya ce

Hajiya Laure tana bakin kanti, ta sha Sirrin Dubai har mayafi. Sai ga Sufyanu ya taso daga aiki, ya ɗaga hannu yana gaishe ta. Ta buɗe hanci. Ta rufe. Ta sake buɗewa.

"Yaro, zo nan. Ina ka samu turarena?"

"Naki, Hajiya? Ai Shef ne wannan. Mu talatin ne muke shafa shi a wurin gini."

"Mansur!"

Mansur ya dubi teburinsa. Inuwar nan ita ce dukan abin da ya mallaka a garin, kuma ya san kafin magariba labari ya kai Damagaram. Yana cikin haɗa kalmomi sai ga Baba Idrisa da buhunsa a kafaɗa.

"Ɗana, ba ni shida yau."

Hajiya ta fizge farar kwalbar ta shinshina. "Baba, kai ma? Shida, duk na zuwa masallaci?"

"Wane masallaci, Hajiya? Bunsuruna nake shafa wa. Tun da na fara, iyalina suka yarda ya kwana cikin gida."

Sufyanu ya shinshina hammatarsa a hankali. Hajiya ta dubi mayafinta, ta dubi Mansur, ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai dariya ta ƙwace mata har ta dafa ƙofa.

Mansur ya durƙusa. "Hajiya, jarka ɗaya ce. Na tuba."

"Matar babba a Alje, ko? Ashe gemu gare ta." Ta share hawaye. "Don darajar uwarka ba zan kore ka ba. Amma yau za ka bi matan nan gida-gida ka gaya musu da bakinka."

Ya bi. A gida na bakwai aka jefe shi da ludayi.

Mataki na bakwai: Tambayi mai saye me yake yi da kayan

Wannan shi ne ya kamata ya zama na farko, amma ni ma sai ranar na sani. Mata sun tafi ba dawowa. Magina rabi suka saura, suna cewa abin da Hajiya ta shafa ai ba abin yarwa ba ne. Baba Idrisa kuwa ya kai labari kan dutse. Bayan Sallah masu awaki suka dinga gangarowa daga Tazrouk da Tit, ba ruwansu da murfin zinariya, kowa da gorarsa. Sati biyu jarka ta ƙare ƙaf. Mansur ya aika Agadas a kawo biyu, ya rubuta a allon teburinsa da manyan baƙaƙe: Na Bunsuru Ne, Amma Ba A Hana Mutum.

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan, shi ya so. In ka rubuta su a jarrabawa mushe ya zana maka ƙwai, ban san ka ba. In aka jefe ka da ludayi, ka kauce da kanka. In kuma ka shiga taro ka ga awaki sun biyo ka, kada ka ambaci sunana, ka dai ƙara sauri.