Yadda Za Ka Bi Dokar Likita Ba Tare da Tumbinka Ya Sani Ba

Ɗan'uwa mai tumbi, matso kusa. In an kafa maka dokar abinci alhali ranka na kan soyayye, to ka zo inda ya dace. Ni tela ne, awon ƙugu sana'ata ce, nawa ne kaɗai nake kau da kai in na zo kansa. Bi matakan nan, na ba ka tabbaci za a yi ta yabon ƙoƙarinka ba ka rage ko loma ba.

1. Ka amsa komai da "to"

Mu rana ɗaya aka kama mu. Mun kai autarmu awo, 'yar shekara huɗu, malamar asibiti ta ce nauyinta bai kai na sa'o'inta ba, tsawonta ma ya tsaya. Sai mai ɗakina ta ce, "Malama, tunda ga sikeli, a ɗora babanta ma."

Aka ɗora ni. Allurar sikelin ta yi ta tafiya kamar mai barin gari.

Malama ta ce, "Ashe ga inda rabon yarinya ya tare." Ta ce a ba Auta wake, ƙwai, kifi, ganye da madara, ni kuma in rage mai da zaƙi. Kada ka yi musu. Gyaɗa kai bai taɓa ramar da kowa ba.

2. Ka ɗora wa sikeli laifi

A hanyar gida ka ce takalminka ne mai nauyi, ga makullai a aljihu. In mai ɗakinka ta ce, "Makullan gidan yari ne?" ka yi kamar ana kiranka a waya.

3. Ka raba cikinka gida biyu

A gida, ka tauna kabeji kana lumshe ido. Ka ce, "Kai, ashe muna ta zaman asara!" Ka ƙara karas ɗaya don a gani.

A shago kuwa, durowar keken ɗinki ba don zare kaɗai aka yi ta ba. Biskit a ciki, lemon kwalba a bayan buhun ƙyallaye, mai suyar dankali kuma ta san lokacinka. Sai dai ka goge baki kafin ka taso. Maiƙo a gemu ya kunyata manyan da suka fi ka.

4. Ka gyara wando, ba jiki ba

Nan ne gwanintar take. Ka farke ƙugun wandonka, ka ƙara masa faɗin yatsa uku, ka mayar da ɗinkin yadda yake. Da safe ka tsaya a tsakar ɗaki ka ja shi gaba. "Maman Auta, dubi yadda ya yi mini yawa!" Ranar har addu'a ta yi mini. Na amsa da "amin" ban ɗaga kai ba.

5. Kada ka yarda a bar maka yarinya a shago

Ni na yarda. Uwarta ta tafi kasuwa, Auta ta zauna a kan benci tana wasa da maɓallai. Na juya baya, na ja durowa a hankali. Ban kai ga haɗiyewa ba na ji, "Baba, me kake ci?"

"Magani ne."

"Ni ma ba ni da lafiya."

Na ba ta ɗaya, muka ƙulla amana. Kashegari biyu ta nema. Kafin a jima ta fara ture kwanon wake a gida, ta ce ta ƙoshi. Uwarta ta yi lallashi, ta yi faɗa, wata rana na same ta a kicin tana share hawaye, tana cewa ko hannunta ne yarinyar ba ta so. Abin da gwani ke yi a nan shi ne ya ce, "Yaran zamani sai haƙuri," ya fice da sauri.

6. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi

Muka koma awo. Auta ba ta ƙaru ba. Malama ta tsuguna ta ce, "'Yan mata, me kike so ki ci?"

"Maganin Baba. Na cikin keke."

Mai ɗakina ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi, "Baban Auta, ni ina gina ta a gida, kai kana rushe ta a shago?" Na dubi hannun yarinyar, siriri kamar allurar saƙa, na dubi cikina. Wannan matakin ba ni da dabararsa.

7. In ka faɗi, ka faɗi a kan tabarma

Malama ta ce yaro da ido yake cin abinci, abin da ya ga babba na kaiwa baki shi yake so. Saboda haka aka haɗa mu kwano ɗaya. Auta ba ta kai cokali sai na kai. In na ɓoye alayyahu a ƙarƙashin shinkafa, sai ta tono ta ce, "Baba, ka manta wannan." Lemo ya koma ruwa. Mai suyar dankali har aike ta yi a duba ko ina raye.

Awon da ya biyo baya, allura ta motsa wa Auta. Kumatu sun fito, takalmi ya matse, surutu kuwa sai an roƙe ta. Uwarta ta yi dariyar da na daɗe ban ji ba. Ni ma wai na ragu. Ban nema ba, ƙaddara ce.

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan ya wayi gari yana hawa bene ba haki, ko ya kama kansa yana taya kabeji a kasuwa, shi ya jiyo, ba ruwana. Mai ƙorafi ya same ni a gida lokacin cin abinci, amma ya wanko hannu. Shugaba Auta ba ta barin baƙo ya tashi sai ya cinye ganyensa.