Naman da Ya Farka a Kwano

Ranar da surukata za ta iso gidanmu da ke garin Al Wukair, na ƙudura sai na burge ta. A wani babban kanti na ga leda mai hoton rago a kan dutsen ƙanƙara, cike da busasshen nama marar nauyi kamar auduga. Na daɗe ina zaɓe, a raina ina cewa kilishin Turawa ne. Ban juya bayan ledar ba.

Da na dawo gida na juye shi a kwano don ya jiƙa. Ina zuba ruwan ɗumi sai naman ya kumbura a hankali, ya yi ja, ya koma ɗanye kamar yanzu aka yanka. Unguwa tsit da tsakar rana. Na ɗaga kai, sai ga dogon karen maƙwabcinmu a bakin taga, ba haushi, ba motsi, idonsa a kan kwanon.

Hajiya surukata ta shigo, ta ɗauki ledar, ta juya bayanta. Ga hoton kare yana lasar baki.

"'Yar nan," ta ce a hankali, "ni ce baƙuwar, ko shi?"

Har yau in na sauke girki, ƙanin mijina sai ya leƙa taga tukuna: "Matar Yaya, mai abincin ya ƙoshi? Mu ci saura?"