Jif Ɗin Alhaji Kalma Ɗaya

Duk wanda ya ce ƙasar Gumel ba ta da manyan mutane, to bai taɓa ganin Alhaji Abdulbaƙi yana fitowa daga gida ranar Alhamis ba. Mutum ne mai faɗin kafaɗa da faɗin murya, dillalin shanu a karar Maigatari, wanda in ya miƙo maka hannu ku gaisa sai ka ji kamar kyauta ya yi maka. Shekara ashirin yana zuwa kasuwa a motar haya, ana matse shi tsakanin masu kaji da masu buhunan riɗi, yana haƙuri, don ya san ba don wannan kujerar aka halicce shi ba. Bara waccan sai ya ɓace sati biyu, ya dawo daga Kwatano da jif.

Kai, jif! Baƙa wuluk, doguwa, ga taya goye a bayanta. Mahassada sun ce ta haura shekara ashirin a duniya. Alhaji ya ce wata tsohuwar Baturiya ce ke zuwa cefane da ita sau ɗaya a mako, sauran kwanakin a lulluɓe take. Haruffan sunanta na baya sun zube saura biyu, don haka ba mai iya cewa ga kamfanin da ya ƙera ta, kuma na tabbata kamfanin ma ba ya son a sani. Alhaji ya raɗa mata suna Giwar Kara. Mutanen Gumel, da yake ba su san darajar abu ba, suka sa mata Raƙuma.

Dalilinsu kuwa, motar irin wadda iska ke ɗagawa ce, jakunkunan iskar kuma sun tsufa suna yoyo. Duk inda ta kwana, sai a wayi gari ta durƙusa, gindi a ƙasa, hanci a sama. Maƙwabta suka tambaya ko lafiya. Alhaji ya dube su da tausayi ya ce, “Fasaha ce. Rusunawa take yi mai ita ya hau. Ku da kuka saba da adaidaita, ina za ku gane?”

Fasahar ba ta tsaya nan ba. Ƙofar direba ba ta buɗuwa sam, sai Alhaji ya zagaya ya shiga ta ɗaya gefen, ya tattare babbar riga, ya haura giya da rarrafe. Wannan, in ji shi, tsaro ne, duk motocin manya haka suke. Esi iska mai zafi yake hurawa. Gilashi kuma in ya sauka ba ya komawa sai an kwance ƙofa, saboda haka a rufe ruf yake tafiya a tsakiyar bazara, ya iso Maigatari sharkaf da gumi, ya fito yana fifita da hula yana cewa, “Kai, zafin wajen nan naku! Yaya kuke rayuwa?” Fitilun gargaɗi uku da ke gaban sitiyari suka dame shi da haske, ya liƙe su da baƙin salatif, suka yi shiru. Da ribas ya daina shiga, sai ya sanar da jama’a cewa shi a tsarin rayuwarsa ba ya komawa baya.

Wannan a bainar jama’a ke nan. In kana son jin ainihin ra’ayin Alhaji game da Giwar Kara, sai ka bi shi Gagarawa Tasha, garejin Anas makanike, wanda ya zaɓa ba don gwaninta ba, sai don ’yan Gumel ba sa bi ta wajen. A nan ne yake cire hula ya ajiye, ya harbi taya da ƙafa, ya zazzage wa motar abin da ke cikinsa.

“Me na yi miki? Shekaranjiya lagireto, jiya birki, yau baƙin mai kike zubarwa a ƙofar gidana, har matata Hajiya Tayyiba na tambaya ko sai an sa miki kwano a ƙasa! Ni za ki tozarta?”

Anas, wanda ’ya’yansa biyu suka koma makarantar kuɗi tun zuwan motar nan ƙasar Gumel, sai ya goge hannu ya ce, “Alhaji, duk irinsu haka suke in sun kai shekarun nan. Ka rabu da ita kawai.”

“In rabu da ita in hau me? In koma cikin kaji?”

Da gaske ransa ke ɓaci, har wani lokaci idonsa kan kawo ruwa. Amma da ya fito titi sai ya mayar da hula, ya ɗora gwiwar hannu a jikin rufaffen gilashi, ya koma babban mutum.

Babban ciwon Raƙuma, wanda ya gagari Anas, shi ne in ta yi tafiya ta ɗau zafi aka kashe ta, to ba ta sake tashi sai ta huce, abin da kan ɗauki kusan minti arba’in. In an bar ta a kunne kuma, da kanta take mutuwa. Ga shi mutanenmu sun iya rakiya. Ka je gaisuwar mutuwa ko barka, ka yi minti goma, an shafa fatiha, sai masu gida su taso su rako ka har gindin mota, su tsaya, ba mai juyawa sai sun ga ƙurarka. To babban mutum zai zauna a gaban jama’a yana murɗa makulli mota na tari? Ko zai buɗe bonet kamar direban haya?

A wajen wata ta’aziyya a Gagarawa Allah ya ba shi mafita. An rako shi, ya dafa motar ya ji ta kamar tanda, sai ya juyo ya gyara tsayuwa ya ce, “Jama’a, kalma ɗaya kafin in tafi.” Ya fara da halin mamaci, wanda sau biyu ya taɓa gani. Ya gangara tsadar taki, ya ratsa ta lalacewar tarbiyya, ya leƙa Saudiyya ya dawo. Yana magana tafin hannunsa na kan bonet, mutane na zaton salon manya ne, alhali zazzaɓin mota yake aunawa. Da ya ji ta huce sai ya ce, “Kada in tsare ku,” ya zagaya ya yi rarrafensa, ya murɗa, ta tashi.

Tun daga ranar ya zama Alhaji Kalma Ɗaya. Abin tausayin, bayan wata uku shi kansa ya manta dalilin da ya sa ya fara. Ya gaskata cewa baiwar magana gare shi, har yakan ce wa Hajiya Tayyiba, “Kin ga yadda suke tsayuwa a rana suna saurare na? Ko ɗaya ba ya motsi.” Ita kuwa ta ce ta gani.

Ana haka sai dillalin da ke sayar wa Ardo Usaini shanu ya rasu. Ardo dattijo ne na wata ruga a bayan Sule Tankarkar, kuma duk dillalin da ya miƙa wa igiyar shanunsa, rugagen yankin gaba ɗaya can suke bi. Wanda ya samu Ardo ya gama da karar Maigatari. Mutum biyu ake ambata: Alhaji, da wani Siddiƙu mai tsohon babur, wanda ba ya haɗa jimla uku a jere. Alhaji ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya sa aka wanke Giwar Kara, ya ɗauki ƙwaryar goro da buhun gishirin shanu, ya kama hanya da hantsi.

Daga inda kwalta ta ƙare yashi ne. Alhaji ya danna maɓallin da ke sa tayoyi huɗu su ja tare, maɓallin ya shige ciki bai dawo ba. Haka Raƙuma ta yi ta haƙa da gurnani da tayoyi biyu, tana tafiya tana nishi, har suka iso rugar rana na tsakar ka. Itaciya ɗaya ce a wurin, a ƙarƙashinta kuma Ardo ke zaune da ’ya’yansa. Dole aka ajiye mota a fili.

Ardo ba mai dogon zance ba ne. Ya karɓi goro, ya sa aka kawo fura da nono, ya saurari buƙata, ya ce, “Mun ji, Alhaji. Za mu duba.” Ya ɗaga hannu aka shafa. Ko minti goma ba a yi ba. Sannan ya dogara sanda ya miƙe da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara, don ya raka baƙo. Da dattijo ya miƙe, duk ’ya’yansa maza suka miƙe.

Alhaji ya dafa bonet ya janye hannu da sauri. Ya yi murmushi. Dama ce ta samu.

“Baba Ardo, kalma ɗaya kafin in tafi.”

Ya fara da darajar saniya a wajen mutanen da aka haifa a gindinta. Ya bayyana musu yadda ake gane mai ciki. Ya faɗa musu irin ciyawar da ta fi sa nono. Ardo na tsaye a rana, ya haura tamanin, kunya ba za ta bar shi ya zauna baƙo na tsaye ba, ba kuma za ta bar shi ya ce ya isa ba. ’Ya’yan na kallon ƙafafun ubansu, suna kallon bakin Alhaji. Minti arba’in suka cika, bonet na nan yadda yake, don ranar da ke sama ba ta san da wata yarjejeniya ba. Alhaji ya ƙara da tarihin kakansa. Ya ƙara da shirinsa na kawo wa makiyaya zamani. Murya ta fara dushewa, gumi na ɗiga daga gemu, a cikinsa yana tsine wa Kwatano da duk wanda ke cikinta.

Da zance ya ƙare ƙaf, ya ce kada ya tsare su, ya zagaya, ya haura giya. Ya murɗa. Raƙuma ta yi tari sau uku ta yi shiru. Ya sake. Ta yi wani dogon huci ta baya, ta durƙusa a hankali a gaban Ardo.

Dattijon ya matso, ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashinta inda baƙin mai ke ɗiga a yashi, ya zagaya ta sau ɗaya a natse yadda yake zagaya abin sayarwa. Sannan ya ƙwanƙwasa gilashi da kan sanda. Da yake gilashi ba ya sauka, sai da Alhaji ya sake rarrafowa ya fito.

“Alhaji, tun tana bayan tudu muke jin numfashinta. Wanda ya zaɓa maka dabbar nan bai kyauta maka ba. Wane ne?”

Nan fa aka taɓa Alhaji inda ba a taɓawa. Ya miƙe, ya kaɗe riga, murya ta dawo.

“Zaɓa mini? Baba, ni ake zaɓa wa? Motoci sun fi ɗari biyu a filin nan na Kwatano. Kwana uku ina zagayawa. Ba makanike, ba ɗan rakiya, ba shawarar kowa. Da idon nan nawa na ware ta!”

“Da idonka.”

“Da idona, Baba!”

Ardo ya gyaɗa kai. “To madalla. Duk yau wannan ce kalmar da ta amfane ni.” Ya juya wajen babban ɗansa. “Bijiman nan shida, ranar Alhamis ka kai wa Siddiƙu. Ka ce sauran na tafe.” Ya dogara sandarsa ya koma inuwa, karo na farko a rayuwarsa da ya juya wa baƙo baya kafin ya ga tafiyarsa.

Alhaji ya tsaya shi kaɗai a fili. Ya rarrafa ciki, ya zauna, ya kai wa sitiyari naushi, ya murɗa makulli don haushi kawai. Ta tashi bugu ɗaya.