Saran Farko na Malam Kafin-Mu-Fara

Duk Malumfashi babu layin da Allah ya yi wa baiwa kamar namu. Wasu suna da rijiyar burtsatse, wasu suna da kwalta. Mu muna da Malam Zainulabidin. Tun da ya yi ritaya daga ofishin ilimi ya sadaukar da kansa ga wayar mana da kai, ba tare da mun roƙa ba. A zaurensa akwai kabad mai gilashi cike da littattafan tarihi da adabi da falsafa, a jere kamar sahun salla. Baƙo ba ya zama sai an gabatar da shi gare su. Mutanen layi suna kiransa Malam Kafin-Mu-Fara, don ko a walimar suna, loma ba ta isa baki sai ya ɗaga hannu ya ce, "Kafin mu fara."

Kuma maganarsa ba ta banza ba ce.

"'Yanci ba shi ne mutum ya yi abin da ya ga dama ba," in ji shi. "Wannan ai akuya ma tana da shi. 'Yanci shi ne ka san haƙƙin da ke kanka, ka sauke ba sai an sa ka ba. Kakanninmu ba su jira gwamnati ba. Amma wa zai gane haka in bai karanta tarihi ba? Yanzu kowa kwamfuta, kowa kanikanci. Hannu ba kai!"

Yana faɗin haka yana duban Aƙilu mai gyaran babur, wanda duk safiya shi ke tayar masa da nasa babur ɗin.

Bana da damina ta matso, kwatar layinmu ta toshe da leda da ƙasa da totuwar masara. Gidan Inna Hansai mai ƙosai ne a ƙarshen gangare. Bara ruwa ya tsaga katangar ɗakin da take kwana, kowa kuma ya san in ya sake kwanciya a gindinta, katangar ta tafi. Ta je ta gaya wa Malam. Fuskarsa ta yi haske kamar an yi masa albishir da kujerar Makka.

"Gayya!" ya ce. "Ranar Asabar za a ga yadda 'yantattun mutane ke rayuwa."

A al'adarmu, in aka taru gayya, dattijo ne ke yin saran farko, sannan kowa ya duƙa. Malam ya zaɓi bakin ƙofarsa, inda kwatar ta fi cushewa, ya ce nan za a yi saran, kada wanda ya taɓa wurin.

Ranar Asabar da hantsi maza suka hallara da shebur da fartanya. Inna Hansai ta dama kunu bokiti biyu. Malam ya fito cikin farar shadda, aka miƙa masa fartanya, ya riƙe ta kamar sandar liman.

"Kafin mu fara," ya ce.

Ya fara daga yadda aka gina ganuwar birane. Ya bi ta kan auduga da masu noman da. Kunu ya huce, aka sha. Da ya iso kan lalacewar matasa, masu gona suka dubi hadari a gabas, suka tuna iri na jiransu, suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya.

Inna Hansai ta matsa kusa da Aƙilu.

"Ɗan nan, shi ruwan ma zai tsaya sauraro?"

"Inna, ni ban yi karatu ba, ban sani ba," in ji Aƙilu. Ya yafito mutum huɗu suka gangara. Daga ƙofar Inna suka yi ta haƙa suna hawowa, har suka iso daidai inda aka hana taɓawa, suka tsaya cikin ladabi.

Aka kira azahar Malam yana kan amfanin waƙa wajen gyaran hali. Ya ɗage saran farko zuwa Asabar mai zuwa, saboda muhimmancinsa.

Da la'asar ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ya taho daga saman layi, ya iso wurin saran farko, ya tarar ba a buɗe taro ba. Sai ya yi abin da ya ga dama: ya shiga zauren Malam har gwiwa. Abin da ya rage ya faɗa kwatar Aƙilu ya wuce salin alin. Katangar Inna Hansai ko damshi ba ta yi ba.

Da ruwa ya ɗauke, layi ya taru a ƙofar Malam. Yana tsaye, wando a naɗe, yana salati.

"Littattafaina! Gadon al'umma!"

Tausayi ya kama kowa. Aƙilu ya kutsa ya buɗe kabad, ya riƙa miƙo su, Inna Hansai tana karɓa tana gogewa da gefen zani don a shanya. Ta juya na farko, ta juya na biyu, ta juya na goma.

"Malam, kwantar da hankalinka," ta ce. "Allah ya tsare. Ko ɗigo bai shiga ba. Duk suna cikin ledarsu ta kanti."