Rasuwar Bulo, Wayar Malam Abdulƙarim

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da aljihun da ya yi mani sakayau tun makonni biyu, ni Malam Abdulƙarim, malamin lissafi a wata makarantar Faransanci da Larabci da ke Ajame, mazaunin unguwar Biyafara a Tireshibil, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar wayata, wadda yaran gidanmu suka laƙaba wa suna Bulo saboda nauyinta. Ta rasu ranar Litinin da hantsi, tana da shekara goma sha huɗu a hannuna, bayan jinyar kwana tara.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Ana cika mata batir ranar Asabar, ba ta sake neman komai sai wata Asabar. Ta faɗo daga benen makaranta, ta rabu gida uku, na haɗa ta, ta ci gaba da aiki ba tare da ƙorafi ba. Ba ta taɓa cewa in sabunta ta ba. Maɓallin lamba biyar ya goge tun da daɗewa, amma yatsana ya san wurinsa. Muryarta ɗaya ce, tirit-tirit, tirit-tirit, kuma mahautan da ke gaban ƙofarmu sun san ta kamar yadda suka san tarina.

Wasa ɗaya tak gare ta, wasan maciji. Ɗan siririn maciji ne a cikin akwati mai bango huɗu, yana cin ƙwaya yana ƙara tsawo, har wurin ya yi masa kaɗan ya sari jelarsa. Da shi na cinye cunkoson gada shekara da shekaru, a matse a kujerar bayan woro-woro, tasin haɗaka ta garin nan, gwiwar wani a haƙarƙarina, mota ba ta gaba ba ta baya. Ɗana Zaharaddin, wanda ke buga ƙwallo a wayarsa da wasu mutanen da bai taɓa gani ba, ya taɓa leƙa allon ya tambaye ni da Faransanci yadda ake cinye wasan. Na ce masa ba a cinyewa, ana dai jinkirta mutuwa. Ya dube ni da tausayi ya tafi.

Amma babban aikinta na ranar Laraba ne. Mahaifiyata, Inna Zinariya, tana wani ƙauye a gabas da Madawa, can Nijar. Ba ta da waya, ba ta karatu, amma ta haddace lambata kamar sunanta. Laraba ce kasuwarsu. Takan je, ta tsayar da duk baƙon da ta gani da waya, mai sayen albasa ne ko direba, ta karanta masa lambar, ya yi mani bip sau ɗaya ya kashe. Ni kuma in ce wa ɗalibai su ci gaba da aiki na uku, in fita baranda in kira. Ba mu wuce minti biyar, domin mai waya yana jira. Takan tambayi ƙafata, ta tambayi Salamatu da yara, ta ce in rage shan shayi. Haka muka yi shekara goma sha huɗu, Bulo ba ta taɓa saɓa mana ba.

Ciwon ajali ya same ta ranar da ruwan Yuni ya cika mana tsakar gida. Na sunkuya zan ɗaga buhun gawayi, ta sulale daga aljihu ta faɗa ruwan. Matata Salamatu ta binne ta a cikin ɗanyar shinkafa kwana uku, kamar yadda matan gidan suka ba da shawara. Ta farfaɗo, ta yi tirit sau ɗaya da dusasshiyar murya, sannan allonta ya yi fari fat. Na zaga da ita rumfunan gyara na Ajame, bene da ƙasa. Kowa ya juya ta a hannu ya yi murmushi, ya ce an daina yin kayanta tun kafin ya fara sana'a. Duk lambobin da na tara suna cikin cikinta, har da ta ƙanwata Ruƙayya, wadda ita kaɗai ke iya aika wa Inna saƙo. Ban taɓa kwafe su a takarda ba, ni da nake hukunta ɗalibi in ya zo babu littafin rubutu.

'Yata Khairat ta kawo mani sabuwa, mai faɗin allo da ake shafawa. Ta ce, “Papa, sa sufi, ya isa haka nan. Bulo ta yi ritaya, ka bar ta ta huta.” Na karɓa da godiya, a raina ina cewa ai lambar ce mai muhimmanci, ita kuwa tana kan pus, ɗan katin nan da ake sakawa ciki. Sai ga shi pus ɗina na zamanin da ne, babba, sabuwar waya kuma ramin da ta tanada bai kai farcen ɗan yatsa ba. Musbahu mai gyara, mutumin kirki da muke salla sahu ɗaya, ya ɗauko almakashi zai rage shi. Na ce ko a bi a hankali. Ya ce, “Ya fohi, ba matsala, Malam, na yanka irinsa ya fi dubu.” Na ji ƙas. Almakashin ya ci gefen zinaren da ke jikin katin. Pus ɗin ya tashi daga aiki ke nan. Na yafe masa tun a wurin, kuma ina roƙon kada kowa ya tsare shi da wannan zance.

Washegari na je ofishin kamfanin waya neman sabon pus a kan tsohuwar lamba. Na ja layi daga safe har azahar. Ma'aikaciyar ta duba na'urarta, ta dube ni, ta ce wannan lamba ba tawa ba ce. Gaskiyarta. Lokacin da aka ce kowa ya yi rajistar layinsa, takarduna sun ƙare, sai maigidana da ya sauke ni a garin nan, Alhaji Gajere dillalin shanu, ya sa sunansa, kamar yadda ya yi wa duk wanda ya taɓa kwana a zaurensa. A wurinmu wannan ba wani abu ba ne, aikin maigida ke nan. Ta ce mai layin ya zo da kansa. Na ce Alhaji ya rasu shekara uku ke nan. Ta ce to a kawo takardar mutuwarsa da ta magada. Na ce a ƙauye ya rasu, a Nijar, aka yi masa sutura kafin la'asar, ba wanda ya rubuta komai. Ta ce ta fahimta ƙwarai, ta kira na bayana. Na koma sau biyu, na samu wasu ma'aikatan, na samu amsar nan dai.

Marigayiyar ta bar caja ɗaya mai siririn baki wadda ba ta shiga kowace waya a duniya yanzu, da roba da aka ɗaure murfinta, da ni. Ta kuma bar wata tsohuwa mai shekara tamanin da 'yan kai, wadda Laraba biyu ke nan tana tsayar da baƙi a kasuwa, muryar matar nan ta kamfanin waya tana amsa mata da Faransancin da ba ta ji. Na san Inna. Ba za ta ce waya ta lalace ba. Ita abu ɗaya ta sani da ke hana ɗa kiran uwarsa.

Za a yi zaman makoki ranar Lahadi bayan la'asar a tsakar gidanmu, layi na biyu bayan kasuwar Tireshibil. Ba za a binne ta ba. Za a naɗe ta a ƙyalle a sa a gwangwanin madara, ko Allah zai kawo mai iya buɗe cikinta wata rana. Masu zuwa ta'aziyya kada su wahalar da kansu da goro. Wanda ke da lambar wani a Madawa ko kewayenta, ita nake roƙo ya zo da ita. Wanda kuma ya san layinsa na kan sunan Alhaji Gajere, ya je ya gyara tun pus ɗinsa na da rai, mun fi mutum ashirin.

Ranar Litinin wani mutumin yankinmu, Malam Sha'ibu, zai koma arewa da motar shanu, na ba shi sabuwar lamba a takarda da manyan baƙaƙe. Ya ce yadda hanya ta zama, in ba shi mako biyu. Shekarar da aka ƙara wa lambobin ƙasar nan biyu a gaba, sai da Inna ta yi damina guda kafin su zauna mata. Yanzu goma ne sababbi.

Don haka duk wanda ya riga Sha'ibu isa, don Allah ya fara gaya mata ina raye. Lambar ta biyo baya.