Lasifika Ya Shiga Ajin Waƙa

Duk wanda ya taɓa shiga ma'aikatar nan ya san Mataimakin Darakta na Ɗaya, ko da bai taɓa sa shi a ido ba. Muryarsa ce ke fara zuwa aiki, shi kuma ya biyo baya. Tun daga wurin ajiye motoci ake jiyo shi yana koya wa maigadi yadda ake buɗe ƙofa, kafin ya gama hawa bene kuwa duk mai gyangyaɗi ya koma mai nazari. A gabansa ana ce masa Yallaɓai. A bayansa, cikin ƙauna da girmamawa, ana ce masa Lasifika.

Baiwarsa ta biyu ita ce tsarin aiki. Lasifika bai yarda da a riƙa taɓa aiki kullum ba, a ganinsa wannan halin ƙananan ma'aikata ne. Fayil in ya zo teburinsa, ajiye shi ake yi ya huta. Sai ranar da aka ce gobe masu bincike za su zo daga hedikwata, sannan ya naɗe hannun riga, ya sa a kulle ƙofa, ya share aikin rabin shekara kafin a tashi. Shi ya raɗa wa wannan hikima suna aiki a dunƙule, kuma ya sha faɗa a taro cewa wata rana za a koyar da ita a jami'a.

To, Babban Darakta ya zo ritaya. Dattijo ne mai sanyin hali, mai son waƙa, wanda rediyonsa ba ya mutuwa a ofis. An kuma san cewa a walimar bankwana zai faɗi wanda ya zaɓa ya gaji kujerarsa. Mutum biyu ne ke layi: Lasifika, da Mataimaki na Biyu, wani siririn bawan Allah da ko tafiyarsa ba a ji. Lasifika ya yi shekaru yana mafarkin kujerar nan. Har labulen da zai canza a ofishin ya riga ya zaɓa a ransa.

Ranar da aka zauna tsara walima, ya miƙe ya gyara kwat.

"Jama'a," in ji shi, "jawabi kowa na yi, har masinja in an ba shi dama. Ni waƙa zan rera wa Babban Darakta, da bakina. Na daɗe ina ɓoye wannan baiwa don kada in shiga haƙƙin masu cin abinci da ita."

Aka tafa, don ba a saba jin maganarsa a ƙi tafawa ba. A gida ne kawai aka samu mai tambaya.

"Baban yara," in ji matarsa, "kai da ko a banɗaki ban taɓa jin ka yi waƙa ba?"

"Masu sauraron da suka cancanta ne ban samu ba," ya ce.

Duk da haka ta matsa masa har ya yarda ya je wurin wani malamin waƙa, ba don ya koya ba, sai don malamin ya ƙaru. Ajin wani ɗaki ne a saman shagon tela, da fiyano ɗaya, da dogon madubi, da fanka mai kuka. Ya tarar da ɗalibai biyu, wata ma'aikaciyar jinya da wani tsohon direban babbar mota, suna tsaye gaban madubi suna hura iska ta leɓe, leɓunan na rawa suna burrr, har da ɗan feshin yawu. Lasifika ya tsaya a bakin ƙofa yana jira a gama wasan yara a fara darasi. Sai malamin ya ce ai darasin ke nan.

Ya yi masa bayani dalla-dalla. A fara da kaɗa leɓe don murya ta ɗumama. A rufe baki a ja mmm a hankali har a ji hanci na tsuwa. A ɗora hannu a ciki a ja numfashi, cikin ne zai taso, ba kafaɗu ba. A yi hamma don maƙogwaro ya saki. Sannan a hau sauti daga ƙasa, kaɗan-kaɗan, ba tsalle.

"Malam," in ji Lasifika, "ni ba a saba kirana buɗe taro ba. Sai an gama gabatarwa nake shigowa. Ka bar wa waɗannan bayin Allah burrr ɗinsu, ni ka nuna mini sautin da ya fi kowanne tsawo, daga can zan fara."

"Yallaɓai, murya nama ce, ba inji ba," in ji malamin. "'Yan mintuna kullum sun wadatar. Kuma da ka ji zafi a wuya, ka tsaya."

Lasifika ya gyaɗa kai irin gyaɗawar da yake yi wa ƙaramin ma'aikaci mai neman hutu. Daga ranar ajin bai sake ganinsa ba.

Kada a ce bai yi shiri ba, don ya yi iyakar yi. Ya sayi mayafin wuya na ulu yana naɗawa a tsakiyar zafi. Ya sayi fulas da direba ke biyo shi da shi. Ya hana a kunna na'urar sanyaya ɗaki a duk taron da yake ciki, manyan mutane suna ɗigar gumi saboda lafiyar maƙogwaronsa. Ya fara buɗe magana da "mu mawaƙa". Ya mayar da takardar tsarin walima wurin bugawa don an rubuta sunansa da ƙananan haruffa. Atisayen ne kaɗai ya rage, shi kuwa ya ajiye shi ya huta.

Sau ɗaya dai ya gwada, a faɗi gaskiya. Suna tsaye a fitilar hanya, direba ya fita duba taya, sai ya waiga hagu da dama ya tura leɓe ya saki burrr. Yana ɗaga ido ya ga wata mata a motar haya ta ƙura masa ido, baki buɗe. Nan take ya mayar da abin tari, ya ɗaga gilashi. Ya yi wa kansa alkawarin cewa mutum mai muƙami irin nasa ba zai sake wulaƙanta leɓensa a bainar jama'a ba.

Kwanaki suka yi ta tafiya har aka wayi gari gobe walima. Matarsa ta tuna masa cewa tun da ya dawo daga ajin nan ba ta ji ko mmm ɗaya a gidan ba. Lasifika ya yi murmushin da ake yi wa wanda bai san tsarin aiki ba. Ya naɗe hannun riga, ya shiga ɗakin baƙi, ya murza mukulli.

Tun da hantsi ya fara, kuma daga sama ya fara. Ya ɗaga kafaɗu har kunne, ya cika ƙirji, ya ƙwala sautin da ya sa kyanwar gidan ta haura katanga. Ya yi atisayen makon farko, ya ɗora na mako na biyu a kai, ya zarce. Maƙwabci ya zo da kansa ya tambaya ko lafiya, aka ce masa waƙa ce, ya koma yana waige. Wajen azahar wuyan ya fara zafi. Lasifika ya ji daɗi, don a saninsa aikin da bai yi ciwo ba bai shiga ba. Ya kora da ruwan ƙanƙara ya ci gaba. Da la'asar muryar ta dushe, tana fita da ƙaiƙayi.

"Don Allah, Baban yara, ka bari haka," in ji matar daga bayan ƙofa. "Muryarka ta fara tafiya."

"Nuna take yi!" ya amsa, ya sake haurawa.

Da safe ya buɗe baki zai kira a kawo shayi, sai iska ta fito. Ya sake gwadawa, iskar ce dai. A karon farko tsoro ya kama shi sosai. Amma ya lallashi kansa cewa muryar tana tattalin kanta ne, a gaban jama'a za ta fito. Ya sa sabon kwat ya tafi.

Zauren ya cika. Babban Darakta yana zaune a gaba, Mataimaki na Biyu a gefensa yana wasa da murfin kwalbar ruwa. Aka kira Lasifika da duk muƙamansa. Ya hau dandamali, ya ɗora hannu ɗaya a ƙirji, ya miƙa ɗayan wajen dattijon. Mai fiyano ya buga shimfiɗa. Lasifika ya buɗe baki. Shiru. Mai fiyano ya sake bugawa, a hankali wannan karon. Lasifika ya tattaro duk ƙarfinsa ya matsa, sai wani ɗan siririn tsuwa ya fito ya karye a tsakiya. Zafin ya soke shi har kunne. Idanunsa suka kawo ruwa, hawaye suka gangaro, leɓensa na rawa, ya dafe wuya.

 Can baya wata ta ce, "Allah sarki."

Sai ga Babban Darakta ya miƙe, shi ma idonsa ya cika. Ya hau dandamalin da ƙyar, ya rungume Lasifika, ya daɗe yana bubbuga bayansa. Sannan ya karɓi makirufo.

"Jama'a, na zo nan da niyyar in ba wannan bawan Allah kujerata," in ji shi. "Na ɗauka mutum ne mai taurin zuciya, irin wanda kujerar nan ke buƙata. Ashe duk hargagin nan a baki ne. Ku dube shi, baƙin cikin rabuwa da ni ya hana shi ko furta kalma. Wallahi ba zan zalunci mai zuciya irin wannan in ɗora masa wannan masifa ba, wata guda ba zai yi ba za ta kwantar da shi. Mataimaki na Biyu, taso."

Lasifika ya girgiza kai da ƙarfi, ya ɗaga hannu, ya buɗe baki zai yi bayani. Dattijon ya sake jawo shi jikinsa yana cewa, "Ya isa, ɗana, ya isa, ba sai ka gode ba."

Zauren ya ɗauki tafi. Lasifika ya dubi siririn mutumin nan yana hawowa dandamali ba a jin takunsa. Ya laluba jikinsa kaf, ya ga abin da ya rage masa mai ƙara hannuwa ne kawai. Sai shi ma ya tafa.