Yadda Za Ka Kama Sabis da Homa

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan, don kunya gare ni, kuma a firamare na tsaya. Amma na ga sirrin da idona. In ka bi matakan nan, tabbas za ka mallaki kamfanin sabis naka na kanka, kamar yayana Maliki, mai gyaran waya a Argungu.

1. Samo hujja

Ka ce ka ji ana cewa masu ƙera waya na shawarar buɗe nasu layin. Kai ma ai haɗa waya kake: gilashin wannan, batirin waccan. Ka faɗi yadda Yaya ya faɗa: "Wanda ya saƙa homa shi ka kamun kihi."

2. Fahimci kalma

Kowa cewa yake waya ta "kama" sabis. To, a garin nan duk abin da ake kamawa homa ake sa masa. Ɗauko ta Baba, ka ɗaure bisa rufin kwano, bakinta na kallon Birnin Kebbi, don daga can sabis ke gangarowa. Yi a hankali. Sabis kamar giwan ruwa yake, ba ya son hayaniya.

3. Nemi kwastomar da ba ta iya musu

Ƙanwarka ta isa. Cire layinta ka jefa aljihu. Kada ka damu cewa a ranar Ikrama mai kwalekwale zai kira ta ya ji amsar soyayyarsa, tunda ta kasa faɗa masa ido da ido. In ta ce, "Yaya, ba ta kama ba," ka ce, "Ke Rumaisa, ɗaga hannu sama! Ruwan sabis ba su kawo ba tukuna."

4. Kare mutuncin kamfani

In homa ta kama tattabarar maƙwabta, ka ce gwaji ne. In Baba ya fito yana, "Wane ɗan banza ya kai min homa bisa?" ka rufe kamfani ka bi ta katanga.

Gargaɗi

Wanda ya sha sandar tsoho ko ya rasa masoyi, babu ruwana. Kada ma ya kira ni. Layina na aljihun Yaya, Yaya kuma ya gudu garin Gulma.

Da yamma na ji Ikrama na cewa na kashe waya ne don na ƙi shi. Washegari da safe na yafa gyale na gangara bakin gulbi, na tsaya gaban kwalekwalen Ikrama ina kallon ƙasa.

"Rumaisa, lahiya?"

Na ce, "Na yarda."

Ya kara hannu a kunne. "Ƙara faɗi, sabis na yankewa."